Atisayen tausaya wa kai yana ƙara mini zargin kai: ina mafita?

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Yamai, kuma wata 5 ke nan da likita ya tabbatar mini ina da ciwon damuwa, ya ɗora ni a kan maganin fluoxetine, miligiram 20 kowace safiya. Barci ya dawo, cin abinci ma haka, amma muryar cikin zuciyata da take ce mini "kai rago ne, ka kunyata gidanku" ba ta ragu ba ko kaɗan.

Masanin halayyar ɗan Adam da nake gani duk mako biyu ya sa ni wani atisayen tausaya wa kai daga tsarin Paul Gilbert, wani masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Ingila: in daidaita numfashi, sannan in rubuta wa kaina wasiƙa da lafazin da zan yi wa aminina da ke cikin wahala. Sau 6 na gwada bayan sallar isha'i. Da zarar na rubuta "ba laifinka ba ne", sai ƙirjina ya ɗaure, hannuna ya kama rawa, in ji kamar ina yi wa kaina ƙarya, ƙarshenta in yayyaga takardar in kwana ina zagin kaina fiye da da. Na gwada faɗa da baki maimakon rubutu, bai canja komai ba. Abin da ya fi damuna, kunyar ce ta hana ni gaya wa masanin da nake gani. Kullum sai in ce "da sauƙi", domin mun taso ana yabon mai kunya, ana kuma cewa namiji ba ya raki.

Wanda ya bi wannan hanya, da wane ƙaramin mataki ya fara kafin wasiƙar ta daina tayar masa da zargin kai? Na gode.