Ƙanena ya taɓa zaman gidan yari, zai iya samun lasisin lauya a nan Saudiyya?

Ummu Rayyan, Makka:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema a kan ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya. Muna da jinsiyyar Saudiyya, wato 'yan ƙasa ne mu, a nan aka haife mu. Yana da shekara 22 ya yi aiki a wani shagon waya a unguwar Utaibiyya nan Makka, ya sayar da kayan mai shago ya riƙe kuɗin. Kotu ta yanke masa wata takwas da tarar riyal 10,000 a kan cin amana. Mun biya mai shagon kuɗinsa har ya rubuta ya yafe. Ya fito a Shawwal 1444, tarar kuma sai farkon Oktoban 2023 muka iya kammala ta. Wallahi yaron ya shiryu. Yanzu yana shekara ta uku a karatun doka, zai gama 2027 in sha Allah, kuma lauya yake son zama. Wani ya ce masa kada ya wahalar da kansa, mai sabiƙa, wato wanda aka taɓa rubuta masa hukuncin laifi, ba ya zama muhami (lauya) har abada. Tun ranar ya daina buɗe littafi. Don Allah gaskiya ne? In ba gaskiya ba ne, ta ina zai bi?

Abu Ammar, Jidda:

Wa alaikumus salam Hajiya. Wanda ya faɗa masa haka bai karanta dokar ba. Nizamul Muhamat, wato dokar aikin lauya, wanda ya fito a 1422 (2001), ya jera sharuɗɗan shiga jadawalin lauyoyi a sashe na 3: ya zama ɗan ƙasa, mazaunin ƙasa, mai digirin shari'a ko na doka, mai gogewar aiki, mai kyakkyawan hali wanda kotu ba ta hana shi juya dukiyarsa ba. Sharaɗin da ya shafe ku shi ne kada a taɓa yanke masa haddi ko hukunci a laifin da ke zubar da mutunci ko amana, sai dai in shekara biyar aƙalla sun wuce bayan kammala zartar da hukuncin. Wato jira ne, ba haramci na din-din-din ba.

Sai dai kada ku yaudari kanku cewa laifinsa ba ya ciki. Cin amana na sahun gaba, tare da rashawa, jabun takardu, damfara, almubazzaranci da dukiyar da aka ba mutum riƙo, da ƙwaya. Yafewar mai shago kuma haƙƙinsa kawai ta sauke. Haƙƙin hukuma daban yake, shi ne aka yi zaman wata takwas dominsa, kuma shi ne ke rubuce.

Malam Abu Sa'ad, Madina:

Abin da Abu Ammar ya faɗa haka yake. Ni lissafin shekara biyar ɗin zan tsaya a kai, don a nan mutane ke tuntuɓe. Dokar ba ta ce daga ranar hukunci ba, ba ta kuma ce daga ranar fita ba. Cewa ta yi daga ƙarewar zartar da hukunci. Hukuncin ƙanenki kashi biyu ne, ɗauri da tara, don haka ku ɗauki wanda ya zo ƙarshe, wato Oktoban 2023. Kada ku kama Shawwal 1444 ku je ku shigar da takarda da wuri a mayar da ita.

Sannan ku ƙirga da shekarar miladiyya. Shekarar hijira ta gaza ta da kusan kwana 11, a shekara biyar tazarar ta kusa wata biyu, kuma tun ƙarshen 2023 gwamnati ta mayar da lissafin wa'adi a mafi yawan harkokinta kan miladiyya. Wanda ya ƙirga da mai tsawo ba ya asara. Ku rubuta Oktoban 2028 ku ajiye.

Takardu uku ku haɗa tun yanzu, tun ba a neme su ba: kwafin sakkin hukunci, wato takardar hukuncin kotu, wanda zai iya saukewa da asusunsa daga Najiz, dandalin intanet na Ma'aikatar Shari'a, shaidar hukumar gidajen yari mai ɗauke da ranar shiga da ranar fita, da rasiɗin biyan tarar mai kwanan wata. Ku haɗa da takardar yafewar mai shago. Rasiɗin nan shi ya fi saurin ɓata, ku ɗauki hotonsa yau ɗin nan.

Abu Hisham:

To ai da sauƙi. Ya gama 2027, ya yi horon shekara uku a ofishin lauya, kafin ya gama shekara biyar ɗin ta cika.

Ummu Lujain, Riyad:

Abu Hisham, gyara biyu. Shekara uku tsohon zance ne, gyaran dokar da aka yi a 2022 ya mayar da gogewar shekara biyu. Mai digiri na biyu a shari'a ko doka shekara ɗaya ake nema a wajensa, mai digirin digirgir kuwa an ɗauke masa gaba ɗaya.

Na biyun shi ne wanda zai iya cin yaron nan shekara biyu a banza. Horon da ake ƙirgawa ba zama a ofishin lauya ana ɗaukar masa fayil ba ne. Sai an yi kwantiragin horo tsakaninsa da lauya mai lasisi, an yi rajistarsa a Ma'aikatar Shari'a ta Najiz a matsayin mutadarrib, wato mai koyon aikin lauya. Kuma ana son mai neman horo ya cika sharuɗɗan shiga jadawali duka in ban da gogewa. Sharaɗin shekara biyar yana cikinsu. Ke nan katangar ba a ƙofar lasisi take ba, tun ƙofar horo take. In ya gama tsakiyar 2027 ya je wani ofishi ya zauna ba rajista, zai koyi aiki, amma ranar da ya zo neman lasisi ba shi da abin nunawa.

Yaya, tsakanin gama karatunsa da Oktoban 2028 akwai sama da shekara guda. In da ƙanena ne, digiri na biyu zan ce ya shiga kai tsaye. Duba lissafin: in ya zauna jira, ya fara horo Oktoban 2028, zai gama Oktoban 2030. In ya yi digiri na biyu na shekara biyu, ya gama tsakiyar 2029, wa'adin ya riga ya cika, ya yi horon shekara ɗaya, tsakiyar 2030 ya kammala. Ya riga mai jira isa, ga ƙarin takarda a hannu. Shi ya sa makinsa na yanzu ke da muhimmanci, don da shi ake tace masu neman gurbi. Ki ce masa ya koma kan littafinsa, wannan zangon ma yana cikin lissafi.

Abu Ammar, Jidda:

Akwai hanya ta uku: aiki a sashen doka na kamfani, shi ma ana karɓarsa a matsayin gogewa. Sai dai a kula da sunan aikin da za a rubuta masa a ta'aminat, wato hukumar inshorar ma'aikata. In aka sa shi magatakarda ko mai bibiyar takardu, ko da shi ke rubuta duk kwantiragin kamfanin, takarda ba za ta nuna aikin doka ba. Ya tsaya a rubuta masa sunan aikin doka tun ranar farko.

Matsalar wannan hanyar ita ce shahadar khuluwwus sawabiƙ, wato takardar shaidar rashin sabiƙa, da kamfanoni da yawa ke nema, wadda ake cirowa ta Absher, dandalin intanet na Ma'aikatar Cikin Gida. Muddin sabiƙar na rubuce, takardar ba za ta fito masa a wanke ba. A nan ne raddul i'itibar ke shigowa, wato mayar wa mutum martabarsa a goge hukuncin daga rajistarsa ta laifuka. Ana shigar da buƙatar ta imarar yanki, wato ofishin gwamna, ku taku ta Makka ce, a bincika halinsa tun fitowarsa, wa yake hulɗa da shi, me yake yi, sannan kwamiti ya duba. Ƙa'idarsa ta raba laifuka gida biyu, masu haɗari da waɗanda ba su kai ba, kowanne da tsawon jiransa. Kada a haɗa shi da shekara biyar ɗin lauyanci, abu biyu ne. Ko an mayar masa da martaba da wuri, ya ci gaba da riƙe Oktoban 2028 a lissafin lasisi.

Malam Abu Sa'ad, Madina:

Abu ɗaya zan roƙa ki faɗa masa da babbar murya: kada ya ɓoye. Duk inda fom ya tambayi hukunci, ya rubuta, ya manna takardunsa. Hukuncin yana cikin na'urar ma'aikatar da yake neman lasisi a wajenta, ba inda zai ɓuya. Wanda laifinsa na farko cin amana ne, in aka sake kama shi da ƙarya a takarda, ya ba kwamiti hujja a kan sharaɗin kyakkyawan hali, wanda shi ba shi da wa'adin shekara biyar.

Kwamitin rajista da karɓar lauyoyi ne ke duba buƙata, doka ta ba shi kwana 30 in takardu sun cika. In ya ƙi, a nemi dalilin a rubuce, kuma akwai kwana 60 na kai ƙorafi Diwanul Mazalim, kotun da ke sauraron ƙara a kan hukumomin gwamnati. Kwana 60 ɗin nan kada a yi wasa da su ana neman wanda zai sa baki, in sun wuce sun wuce. In an karɓa, lasisin na shekara biyar ne ana sabuntawa, kuɗin fitar da shi karo na farko riyal 2,000.

Kafin lokacin kuma ya kiyayi buga kati ko buɗe shafi yana kiran kansa muhami. Yin sojan gona da sunan lauya laifi ne a wannan dokar, da ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tarar da ba ta gaza riyal 30,000 ba. 'Yan unguwa za su fara kawo masa matsalar haya da ta gado da zarar sun ji yana karatun doka, ya riƙa tura su wajen mai lasisi.

Baban Khalil:

Ku gafarce ni in shigo da tawa. Ɗana iƙama gare shi, wato takardar izinin zama ta baƙo, fasfonsa na Najeriya, kuma abin da ya faru da shi yana ɗan shekara 16 ne. Shi fa?

Ummu Lujain, Riyad:

Baba, ta fuskar shekaru ka kwantar da hankalinka. Dokar yara ta 2018 ta ce hukuncin wanda bai kai 18 ba ana ajiye shi a rajista ta musamman, ba a rubuta masa shi a matsayin sabiƙa. Abin da zai tare ɗanka jinsiyya ce, don lasisin na 'yan ƙasa ne, sai abin da yarjejeniya tsakanin ƙasashe ta buɗe. Mai iƙama yana iya zama mai ba da shawarar doka a ƙarƙashin lauya mai lasisi, amma ba ya tsayawa gaban alƙali, kuma guraben ma an ware mafi yawansu ga 'yan ƙasa. In rigar lauya yake so, Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya ce hanyarsa, akwai reshenta a Bagauda kusa da Kano. Kafin ya biya kuɗin kowace jami'a a nan, ya fara tabbatar da cewa hukumar ilimin lauyoyi ta can tana karɓar digirinta, don tsarin dokar ƙasashen biyu ba ɗaya ba ne.

Ummu Rayyan, Makka:

Allah ya saka muku da alheri, ya raya zuri'a. Na tura masa duka ya karanta. Sakkin yana nan, takardar yafewa ma tana wajen Umma. Rasiɗin tarar ne ban gani ba, amma ta asusun mijina aka biya, gobe zai je banki a ciro bayanin watan Oktoban.