Hawan dutsen Kilimanjaro cikin ayari: hanyar kwana 5 ko ta kwana 7?

Bakabe:
Assalamu alaikum jama'a. Abokan aikinmu na haɗa ayarin hawan Kilimanjaro a Tanzaniya cikin watan Agusta, ni ma na sa sunana. Kamfanin da zai kai mu ya ba mu zaɓi biyu: hanyar Marangu ta kwana 5, wadda ta fi araha kuma ɗakuna ake kwana, ko hanyar Machame ta kwana 7 da ake kwana a tanti. Yawancinmu sun karkata ga mai arahar.

Ni a Birnin Kebbi aka haife ni, na saba da rana da tafiyar ƙasa, da damina a ƙafa nake zuwa fadama in dawo. Amma dutsen nan mita 5,895 ne, kuma na ba arba'in baya. Wace hanya ta fi? Sannan yaya ake yi da alwala cikin wannan sanyi? Uwargida hankalinta bai kwanta ba, ina so in kai mata bayani mai gamsarwa.

Ma'aikacin Jinya, Gusau:
Wa alaikumus salam Yaya. Don Allah kafin ka biya ko sisi, je ka yi gwajin jini ka san rukuninka na sikila. Mu nan masu AS suna da yawa, suna zaune lafiya lau ba su ma sani ba, amma a wuri mai tsawo irin wannan ƙarancin oksijin na iya taɓa musu saifa. In AS ne kai, sai ka zauna da likita tukuna. A duba hawan jini ma.

Batun ƙarfin ƙafa kuwa, ba ya hana ciwon tsauni. Daga mita 2,500 zuwa sama yake fara kama mutane: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, abinci ya fita rai. A ƙololuwa, oksijin da kake shaƙa a numfashi ɗaya kusan rabin na nan gida ne. Jiki lokaci yake so ya saba, shi ya sa kwana 7 ta fi. Akwai maganin Diamox da ke taimakawa, amma likita ne zai rubuta maka.

Hajiyar Zuru:
Malam, ni ta Machame na bi, kuma ita nake ba ka shawara. Akwai ranar da za a hau da ku Lava Tower, wajen mita 4,600, a ci abincin rana, sannan a gangaro zangon Barranco a kwana ƙasa da mita 4,000. Ranar kaina kamar ana sara, amma da gari ya waye na tashi garau. Wannan hawa da saukowa shi ke koya wa jiki, kuma gajeriyar hanya ba ta ba ka wannan damar sosai.

Abin da ya fi damuna da tafiyar ayari shi ne kunya. A cikinmu akwai wani saurayi, shi ya fi kowa ƙarfi, kullum yana gaba. Ashe yana amai a ɓoye, ba ya faɗa don kar a ce ya kasa. Sai da ɗan jagora ya ga yana tangaɗi kamar mai maye, ya sa aka sauko da shi cikin dare. Da ya yi magana da wuri, da an rage masa sauri an sa masa ido. 'Yan jagorar nan doka ce ma a tafi da su, ba a barin kowa ya hau shi kaɗai. Safe da yamma za su tambaye ka ya jiki, wasu har da ƙaramar na'urar auna oksijin da ake maƙala wa a yatsa. Ka faɗa musu gaskiya. In suka ce sauka, ka sauka, ko da ƙololuwar kake hange.

Daren hawa ƙololuwa wajen sha biyu ake tashi daga zangon Barafu da fitilar goshi, ruwan gora har daskarewa yake. Hunturun Zuru bai kama ƙafar wannan ba. Alwala kuwa, 'yan dako na kawo ruwan ɗumi a zango safe da yamma, da shi muke yi. Muna ƙasaru muna haɗa salloli tunda matafiya ne, batun taimama kuma ka tambayi malaminku kafin ku tashi. Ku ware wa 'yan dakon tukuici mai kauri, su ke ɗaukar tanti da abinci a ka.

Ɗan Kwatarkwashi:
Ranka ya daɗe, sayi takalmin tun yanzu ka riƙa yawo da shi, sabo zai yi maka bororo tun ranar farko. Fadama shimfiɗe take, ka nemi tudu ko matakalar bene ka riƙa hawa da jaka a baya, saukowa ce ke cin gwiwa. Kar ka manta katin rigakafin shawara, ana tambayarsa ga mai shiga Tanzaniya daga Najeriya.

Bakabe:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Litinin zan je gwajin jinin. Hajiya, na tura bayaninki ga 'yan ayarinmu, wasu sun fara cewa a ƙara kuɗin a bi Machame. Kayan sanyin fa, a Moshi, garin da ke gindin dutsen, kika yi haya ko daga nan kika tafi da su?