Tsohon jirgin katako mai inji: ta ina za a fara gyara?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Akwai tsohon jirgin ruwa na katako mai inji a ciki, ya daɗe ajiye a tudu kusa da Gulbin Rima. Katakan sun buɗe har ana hango haske. A cike ramukan da kwalta ne kawai?

Kafintan jirgi:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka yi gaggawa. Hunturu da zafin Sakkwato ne suka tsotse shi. In ka cusa abu mai tauri yanzu, ranar da katakon ya sha ruwa ya kumbura zai tsage ko ya tumɓuke ƙusoshi. Fara bin gindin jirgin da tsinin sukudireba: inda ya nutse, ruɓa ce ko gara, a yanke a sa madaci busasshe. Sannan a shimfiɗa jiƙaƙƙun buhunan algarara a ciki, ana yayyafa ruwa kamar mako guda. Abin da ya rage a buɗe a tura masa zaren auduga sannu a hankali, a shafe da kwalta.

Bakanike:
Gaskiya ne, Baba. Ƙusar ƙarfe kuma a cire ta, tsatsa na cin katakon da ke kewaye da ita. Ta tagulla ta fi. Kada a daidaita sandar farfela sai jirgin ya kwana biyu a ruwa, don jikinsa na sauyawa. A sa rariya a bakin bututun sanyaya inji, yashin Rima na cinye robar famfo.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri.