Neman taimako: kundin waƙoƙin kakanmu ya manne, kaset ɗin Inna kuma ya tsinke

Assalamu alaikum jama'a. A gidanmu nan Maradi akwai wani kundin ajami da kakanmu ya rubuta da alƙalamin kara, waƙoƙin wa'azi da begen Annabi (SAW). Da dare bayan isha'i shi ke karantawa, Inna da 'yan gida suna amshi, mu yara muna koyo a bakinsu.

Daminar bana ruwa ya shiga adakar da yake ciki. Takardun tsakiya sun manne da juna, tawada ta malale, gara kuma ta ci gefe. Da na taɓa ɗaya sai ta fara ɓarewa da rubutun a jikinta, don haka na tsaya. Wani ya ce in shanya a rana, wani ya ce in kara a tururi. Hankalina bai kwanta da ko ɗaya ba, tawadar gargajiya ba ta jure laima.

Abin da ya fi damuna shi ne karin waƙoƙin. Malamin zaurenmu ya karanta baitocin da suka tsira, amma rerawar tana cikin kaset guda da Inna ta yi kafin rasuwarta, Allah Ya jiƙanta, zarensa kuwa ya tsinke.

Don Allah, wa ya san mai haɗa zaren kaset ya juye shi a waya? Kuma sashen tsoffin rubuce-rubuce na cibiyar bincike ta IRSH a Yamai yana duba kundin gida, ko akwai mai wannan aiki nan kusa, ko da Katsina ne?