Da ka hango haɗari a wurin aiki ka faɗa, me ya biyo baya?

Jami'in kula da lafiyar ma'aikata, Kano: Assalamu alaikum. A shekarun da na yi a wata masana'anta da ke Bompai, na lura cewa da wuya hatsari ya auku ba tare da wani lebura ya riga ya hango shi ba. Misalin da ba ya fita daga raina shi ne ginin Rana Plaza na ƙasar Bangaladash, wanda aka ga bangonsa ya tsage ranar 23 ga Afrilun 2013, banki da shagunan da ke ƙasa suka rufe, amma aka tilasta wa masu ɗinki komawa aiki washegari, ginin ya rufta, mutum 1,134 suka rasu. Ina roƙon 'yan'uwa, kowa daga sana'arsa, ya ba mu labarin ranar da ya kai ƙorafi kafin wani abu ya faru, da wanda ya gaya wa, da abin da aka yi. Don Allah kada a ambaci sunan kamfani ko na mutum.

Ma'aikacin injin casar shinkafa: Wa'alaikumus salam, Malam. A wurinmu an cire murfin da ke rufe bel ɗin inji domin a yi gyara, sai aka jingine shi a bango ba a mayar ba. Sau uku ina yi wa mai kula da mu magana, kullum amsarsa ita ce mu dai mu riƙa lura, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Bayan kamar wata biyu bel ya kama hannun rigar wani yaro da ke share dusa, ya rasa yatsu biyu. A yammacin ranar aka kira mai walda ya mayar da murfin, aikin da bai kai awa ɗaya ba, wato ihu bayan hari. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da mai wurin ya zo ya rantse cewa babu wanda ya taɓa sanar da shi, kuma na yarda da gaskiyarsa, domin maganata a baka na yi ta, ba ta wuce kunnen mutum ɗaya ba.

Ma'aikaciyar jinya: Allah ya ba yaron lafiya. Namu ya shafi akwatin zubar da allurai, wanda ƙa'ida ita ce a rufe shi a sauya idan ya kai kashi uku cikin huɗu. Na rubuta a littafin miƙa aiki cewa ya cika kuma babu wani a sito, amma kwana huɗu babu wanda ya karanta da idon gyara, har aka fara jefa allurai a kwandon shara. Wata baiwar Allah mai shara ta soke yatsa, ta ɓoye saboda tsoron a ce sakacinta ne, sai a rana ta biyu ta gaya mini a asirce. Allah ya sa ba a wuce awa 72 da ake iya fara maganin kariya daga ƙwayar HIV ba, ta sha na kwana 28, gwaji kuma ya nuna ba ta kamu ba. A nan ne muka gano ba a taɓa yi mata rigakafin ciwon hanta nau'in B ba, domin ɗan kwangila ne ya kawo masu sharar, don haka ba sa cikin jerin waɗanda ake horarwa ko ake yi wa allura. Ɗan'uwa mai injin shinkafa, rubutu yana da amfani, amma sai an ɗora wa wani takamaiman mutum nauyin karantawa da sa hannu.

Tsohon ma'aikacin kamfanin jima: Gaskiyarki, 'yata. Ni na yi aiki a wani kamfanin sarrafa fata, inda ake cire gashi da farar ƙasa da sinadarin salfaid, ruwan kuma yana taruwa a wani rami mai zurfi da ake shiga a kwashe laka. Iskar da ke tashi daga ramin warinta kamar na ruɓaɓɓen ƙwai ne, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, shi ya sa take kwanciya a ƙasa. Abin da yawancinmu ba mu sani ba a lokacin shi ne, idan ta yi yawa tana kashe jin wari, sai mutum ya ɗauka ta tafi alhali a lokacin ne ta fi kisa. Wata rana na leƙa, jiri ya ɗebe ni, na ce ba zan sauka ba. Aka miƙo mini takunkumin yadi, wanda ba ya tare wannan iska ko kaɗan, da na ƙi kuma aka yanke mini kuɗin yini, abokan aiki suka yi ta yi mini dariya wai tsufa ya kawo tsoro.

Sauyi ya zo ne da wani sabon injiniya wanda ya zauna ya saurare ni kamar ni ne malaminsa. Ya kafa doka cewa babu mai sauka sai da takardar izini, sai an hura iska cikin ramin, an auna da na'ura, an ɗaura wa mutum igiya, kuma wani yana tsaye a sama. Ya nanata cewa idan wani ya faɗi a ciki kada kowa ya bi shi hannu rabbana, domin a irin waɗannan ramuka mai ceto kan zama gawa ta biyu. Daga baya ma ya sa aka riƙa kiran motar zuƙa, shiga ramin ya zama sai nadiran. Kuɗin yinin nan dai har na bar aiki ba a mayar mini ba.

Birkila: Baba, ku kun yi sa'a kuna da wanda za ku gaya wa. Mu da ake ɗauka kullum da safe, idan ka ce katakon da za ka hau ya ruɓe, sai a nuna maka mutum goma da ke zaune a bakin ƙofa suna jiran aiki. Na taɓa faɗa sau ɗaya a wani bene mai hawa uku, washegari ba a kira ni ba.

Wakilin ƙungiyar ƙwadago: Malam birkila, abin da aka yi maka da wanda aka yi wa Baba duka sun saɓa wa Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda Najeriya ta amince da ita a 1994, domin ta ce kada a hukunta ma'aikacin da ya janye daga aikin da yake da dalilin ganin barazana ce ta kusa ga ransa, kuma kada a ɗora masa kuɗin matakan kariya. Dokar Masana'antu ta wajabta kai rahoton duk hatsarin da ya yi kisa ko ya hana mutum aiki fiye da kwana uku. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 kuwa ta haɗa har da ɗan koyo da mai aikin wucin gadi: wanda ya ji rauni ya sanar da mai aiki cikin kwana 14, mai aiki ya sanar da NSITF, hukumar gwamnati da ke kula da asusun biyan diyyar, cikin kwana 7, a nemi diyya cikin shekara ɗaya, kuma kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi da ake zubawa a asusun daga aljihun mai aiki yake fita. Ba zan ɓoye ba, a wuraren da na zagaya tazarar da ke tsakanin takarda da aiki tana da faɗi. Abin da ya yi mana tasiri a wata masaƙa shi ne littafin ƙorafi mai kwafi biyu, ɗaya a hannun ma'aikaci, da zama duk wata wanda manajan da ke da ikon fitar da kuɗi yake halarta, ana karanta masa abin da ba a gyara ba a gaban kowa.

Birkila: Na gode, ranka ya daɗe. Sai dai mu sunanmu ba ya cikin kowane littafi, a hannu ake biyanmu da yamma, kuma wanda ya ɗauke mu shi ma wani ne ya ba shi aikin. Idan na faɗo daga bene gobe, a cikin mai gini da ɗan kwangila da wanda ya kira ni, wane ne doka ta ɗauka a matsayin mai aikina, kuma da wace shaida zan nuna cewa na yi aiki a wurin?