Wace irin ƙasa ta dace da bishiyar tuja a harabar gida?

Sabon Mai Gida, Kaduna:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. A watan Yunin bara na sayi dashen tuja guda huɗu, wato bishiyar adon nan mai ganye lafe-lafe wadda ba ta kaɗe ganye da rani, na jera su a jikin katangar gidana. Mai sayar da furannin ya ce in haƙa rami mai zurfi in cika shi da baƙar ƙasa, kuma hakan na yi, har na ƙara da kashin kaji domin su yi saurin girma. Da marka ta kankama a watan Agusta sai biyu daga cikinsu suka fara komawa ruwan ƙasa tun daga gindi, kuma da na tumɓuke ɗaya na tarar saiwarta ta yi baƙi, ta yi laushi, tana wari. Ƙasar gidan jangargari ce mai danƙo, akwai kuma ɓaraguzan da magina suka bari a cikinta. Ina so in sake dasawa bana, ina kuma da arokariya ɗaya, wata bishiyar ado mai rassa hawa-hawa, a cikin tukunya. Wace ƙasa ya kamata in nema?

Tsohon Ma'aikacin Daji, Jos:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ka kwatanta ruɓewar saiwa ce, kuma ruwan da ya kwanta a ramin ne ya jawo ta. Idan aka haƙa rami mai zurfi a cikin ƙasa mai danƙo aka cika shi da ƙasa mai laushi, to an gina randa ke nan a ƙarƙashin bishiyar, domin ruwan sama zai riƙa gangarowa cikinsa ya rasa mafita. Saiwa tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa, kuma 'yan kwanaki a cikin taɓo sun isa su kashe ƙananan jijiyoyin da take sha da su. Daga nan ganye ya bushe, mai gida ya ɗauka ƙishi ne, ya ƙara ban-ruwa.

Kafin ka sayi ko da kwanon ƙasa ɗaya, ka gwada wurin. Ka haƙa rami mai zurfin santimita 30, ka cika shi da ruwa, ka bari ya tsotse, sannan ka sake cikawa ka sa ido. Idan ruwan yana raguwa da kamar santimita 3 zuwa 5 a kowace awa, wurin ya yi. Idan kuwa ka wayi gari ka tarar da shi yana nan, kada ka dasa a ramin ko kaɗan. Ka tara ƙasa ka yi tudu mai tsawon santimita 30 zuwa 40 mai faɗi sosai, kamar yadda ake yi wa doya, ka dasa a kansa.

Game da haɗin kuwa, ka bar ƙasar gidanka ta zama ita ce mafi yawa, ka farfasa ta sosai, ka gauraya ta da takin shanu wanda ya ruɓe har ya daina wari, kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Ramin ya ninka ledar dashen sau biyu ko uku a faɗi, amma kada ya fi ta zurfi, domin wuyan bishiyar, inda kara ya haɗu da saiwa, dole ya tsaya daidai da fuskar ƙasa. Ɗanyen kashin kaji kuma yana da zafi, yana ƙone saiwa, saboda haka ka nisanta shi da sabon dashe.

Uwargida, Zariya:

Baba, Allah ya saka da alheri. Ni matsalar da na fuskanta ta gara ce, domin na lulluɓe gindin tawa da buntun shinkafa saboda zafin bazara, sai na tarar ta yi gini a jikin karan. Wata maƙwabciyata ta ce in riƙa zuba toka, kuma ina ganin garar ta ragu. Shin zan iya gauraya tokar da ƙasar tun wajen dashe? Sannan na ji ana cewa yashi yana gyara ƙasa mai danƙo.

Tsohon Ma'aikacin Daji, Jos:

Hajiya, ina roƙonki ki yi hankali da tokar nan. Ƙasa tana da tsami da kishiyarsa, ana auna su da ma'aunin pH, inda 7 yake tsakiya, kuma yawancin itatuwa irin su tuja da arokariya sun fi jin daɗi tsakanin 5.5 da 6.5, wato ɗan tsami-tsami. Toka tana kashe tsamin ƙasa, haka ma siminti da farar ƙasa, kuma idan abin ya yi yawa sinadarin ƙarfe yakan ɗaure a cikin ƙasar, bishiya ta kasa sha, sabon ganye ya fito rawaya ko da an zuba taki. Tuja tana da ɗan haƙuri da wannan fiye da sauran, amma arokariya, wadda asalinta tsibirin Norfolk ne da ke gabas da Ostareliya, ta fi son ƙasa mai ɗan tsami. Shi ya sa nake so ƙanena na Kaduna ya tsince ɓaraguzan nan tas, musamman da yake a jikin katanga yake dashe. Yana iya ɗiban ƙasar wurin ya busar da ita ya ɗiga mata ruwan khal, wato binega. Idan ta yi kumfa, akwai burbushin siminti ko farar ƙasa a cikinta. Buntun shinkafar kuwa ki ci gaba da shi, amma ki janye shi kamar faɗin tafin hannu daga jikin karan.

Yashi kaɗan a cikin laka ba ya gyara komai, wani lokaci ma ƙara mata tauri yake yi. A cikin tukunya ne yake da amfani: kashi biyu na ƙasar lambu, kashi ɗaya na yashin kogi mai tsakuwa-tsakuwa, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki, tare da huji mai kyau a gindin tukunyar.

Mai Renon Dashe, Mando:

Ina da ƙari kaɗan a kan bayanin Baba. Duk wanda zai dasa fayin na ainihi, irin mai ganye kamar allura da ake gani a gandun dajin Afaka, ya ɗebo ƙasa kamar cikin hannu biyu daga ƙarƙashin tsohuwar bishiyar fayin ya zuba a ramin, domin akwai wata funfuna mai amfani da ke zaune a jikin saiwarta tana taimaka mata shan abinci, kuma idan babu ita dashen yakan tsumbure. Tuja ba ta buƙatar wannan ɗawainiya. Sai dai ɗan uwanmu na Kaduna ya sani cewa reshen tuja da ya bushe gaba ɗaya da wuya ya sake toho, don haka kada ya jira wadda ta mutu ta farfaɗo.

Sabon Mai Gida, Kaduna:

Na gode ƙwarai, Baba, da sauran 'yan uwa. Jiya da la'asar na haƙa ramin gwajin na cika shi sau biyu, kuma yau da safe na tarar da fiye da rabin ruwan yana nan kwance. Zan yi tudun, in matsar da shi kamar mita ɗaya daga katanga, in kuma fara tsince ɓaraguzan tun wannan makon kafin ruwa ya sauka.