Neman kalmar Hausa: me za mu kira "race condition" kafin Litinin?

Malamin Kwamfuta, Unguwar Rimi: Assalamu alaikum, malamai. Ranar Litinin zan koyar da matasa yadda manhaja ɗaya take gudanar da ayyuka da dama a lokaci guda, kuma da Hausa nake son yin darasin. Kowane aiki mai gudana na kira shi "zare", wato "thread" a Turance. Inda na cije shi ne a nan: zare biyu suna tarayya a kan lamba guda, kowannensu ya karanta 10, ya ƙara ɗaya, ya rubuta 11, alhali 12 ya kamata a samu. Kuskuren ba kullum yake fitowa ba, shi ya sa kama shi yake da wuya. Shi ne "race condition" a Turance; me za mu kira shi da Hausa?

Malama daga Barnawa: Wa alaikumus salam, Malam. "Rige-rige" ce kalmar, tunda sakamakon ya rataya ne ga wanda ya riga. "Tsere" bai dace ba, domin a tsere akwai wanda ya ci, a nan kuwa lissafin kowa ya lalace. Ka ba su labarin Therac-25, na'urar jinyar cutar daji da ta yi wa marasa lafiya illa a Amurka da Kanada tsakanin 1985 da 1987, har wasu suka rasu. Rige-rige yana cikin musabbabin, idan ma'aikaci ya yi saurin gyara umarni.

Dattijon Tudun Wada: 'Yata, kin fara gini daga rufi. Abin da ake tarayya a kansa, kowa yana iya sauya shi, shi ya kamata a fara raɗa wa suna, kuma sunansa "rumbun gandu": kowa yana zuba, kowa yana ɗiba. Abin kulle shi kuma "kwaɗo". Idan zare biyu kowanne ya riƙe kwaɗo yana jiran na ɗan'uwansa, sun yi "cirko-cirko".

Injiniya, Kakuri: Baba, cirko-cirko na karɓa, kwaɗo ma haka, sai dai a gaya wa ɗalibai cewa kwaɗo layi yake haifarwa. A ƙa'idar Amdahl ta 1967, idan kashi ɗaya cikin goma na aiki dole a yi shi bi da bi, saurin ba zai wuce ninki goma ba, komai yawan zaren. Amma gandu? Yaron da ya tashi a Kakuri bai taɓa ganin rumbu ba. "Ajiyar tarayya" ta fi sauƙi.

Dattijon Tudun Wada: Rashin sanin yaro ba ya kashe kalma. Ku da kuka ɗebo "zare" kai tsaye daga bakin Bature, kuna cewa kwamfuta bayan ga na'ura mai ƙwaƙwalwa, ku ne za ku ƙi gandu?

Malama daga Barnawa: Allah Ya huci zuciyarka, Baba, amma "ajiyar tarayya" ma ba ta nuna ana sauya abin ba, nan kam rumbunka ya fi ta.

Malamin Kwamfuta, Unguwar Rimi: Na gode. Rige-rige, kwaɗo da cirko-cirko sun shiga darasi. A allo zan rubuta "ajiyar tarayya mai sauyawa", rumbun gandu kuma in kawo shi misali.

Dattijon Tudun Wada: Kalma huɗu a gurbin biyu. To, ka dawo mana da wadda yaran suka riƙe.